Mararrabar Ruwa

Tun da ƙafar hagu ta daina jin maganar Baba,
wanka ya zama rigima a gidanmu na Herwagana.
Shawa tana can sama, dab da rufi,
ba ta san kowa ba sai mai tsayuwa.
Shi kuwa a zaune yake.
Hannun da ya shekara talatin yana ɗaga buhu a Ashaka,
yau moɗa ta gagare shi.

Na ce, kawo soso in cuɗa ka.
Ya dube ni har na sunkuya.
Ya ce, "Hammayo, wanka ɗaya kake bina bashi,
kuma ranarsa ba ta zo ba."

Ran Laraba Bakoji ya iso a kan babur,
jakar buhu a wuya, sufana biyu na faɗa a ciki.
Ya hau ya rufe bakin tanki,
ya ƙwanƙwasa bango, ya kasa kunne,
ya ce ba sai an fasa ba,
wanda ya binne bututun nan ya ji tsoron Allah.
Daga ɗaka muka ji murya: "Ni ne."

Kan shawa ya ƙi kwancewa.
Tsatsa ta riƙe shi riƙon dangi.
Aka ɗiga kananzir, aka sha shayi, aka jira,
sannan ya juya, da kuka irin na tsohon ƙyaure,
ya tofar da jan ruwa,
da 'yar ƙasar da ta biyo shi tun daga Dadin Kowa.

Abin da na sayo a Tsohuwar Kasuwa
bai fi goro biyu a tafin hannu ba.
Bawul, in ji mai shago.
Baki uku gare shi: ɗaya na karɓa, biyu na bayarwa,
da ɗan kunne a gefe mai raba gardama.
Bakoji ya naɗa farin tef a haƙoran bututu,
yana ƙirga da leɓe, shida, bakwai,
ya ɗaura da hannu, sannan sufana, kaɗan kawai.
Ya ce, "Ƙarfe ma in ka matsa masa, tsagewa yake."

Na buɗe tanki.
Ruwa ya yi tsartuwa ta wuyan tiyo,
ya wanke wa Bakoji fuska da hula.
Ashe baƙar robar da ke toshe kafa,
mai kamar zoben jariri,
tana kwance a leda, mun manta da ita.
Baba ya yi dariya.
Rabon da in ji ta, tun kafin azumi.

Aka gyara. Aka kafa marataya ƙasa-ƙasa,
daidai kafaɗar mai zaune a kujerar roba.
Sai na lura kunnen yana can sama,
inda hannunsa ba zai kai ba.
Bakoji yana goge sufana ya ce,
"Ku bar shi a karkace wajen tsoho.
Mai ƙafa ya miƙa ya juya,
in ya gama, ya mayar."

Da la'asar na tura shi har ciki, na ja ƙofa.
Na tsaya a waje kamar maigadi.
Shiru. Sai bisimilla.
Sai ƙarar ruwa, ba mai faɗowa daga sama ba,
mai yawo: wuya, hammata, bayan kunne,
inda mai shi ya aike shi.

Yanzu kullum da asuba, in na gama nawa,
sabulu na cin idona, ina lalube a sama,
ba na ɗaukar tawul
sai na mayar wa Baba da ruwansa.