Hannun Riga

Mu biyar ne, a shagon bayan tasha a Tudun Wada,
inda kayan kiɗanmu ke kwana da buhunan masarar mai gida.
Sauti bai taɓa raba mu ba.
Tufa ce ta so ta yi.

Sagir mai jita ya dawo daga kasuwar Sabon Gari
da kwat na gwanjo a leda, baƙaƙe wuluk,
har da tabarau.
Ya ce, “Mai biyan kuɗi da ido yake fara saurare.”

Tanimu ya ajiye sandunan ganga.
Kakansa a zaure ya tsufa, can Ƙofar Gayan,
allura a hannu, yana zana aska takwas a ƙirjin manya.
“Ni, jikan maɗinki, in hau dandamali
da rigar da wani ya gaji da ita a ƙasar da ban sani ba?
Shadda, ko ku nemi wani makaɗin.”

Bulus na Wusasa bai ko ɗago daga fiyano ba:
“Babbar rigar nan taku ta danne mini maɓalli uku a Kongo,
har uwar amarya ta waiwayo.”

Barira ta kurɓi ruwan ɗumi da citta,
ta ce ita murya ta kawo, ba anko ta zo ba,
kuma duk wanda ya sake zaɓar mata launin mayafi
shi zai rera waƙa ranar Asabar.

Ni ban tanka ba.
Mai kalangu da hammata yake magana,
kuma ba wanda ke tambayar hammata ra'ayi.
Kwat tana shaƙe ni,
babbar riga tana haɗiye tsarkiya,
amma wa ya damu da na can baya, kusa da janareta?

Kwana huɗu ana ja.
Shayin Ɗan'asabe ya huce sau nawa a kofi,
waƙar da za mu gwada ba a ko taɓa ta ba.
Daga ƙarshe aka faɗa kan yadi ruwan toka
wanda ba ya burge kowa:
ɗan surfani a wuya saboda Tanimu,
maɓalli shida saboda Sagir,
Barira kuwa ta sa abin da ranta ya so.

Sai muka kai wa Lawandi tela, a Gyallesu.
Ya dafa ƙirji. Ya ce Alhamis.

Asabar, bayan la'asar,
riga uku a rataye, an goge.
Tawa tana kan keke,
hannun hagu bai iso duniya ba tukuna.
“Wuta ce,” in ji Lawandi, yana duban silin.

Haka na shiga a-daidaita,
na wuce Kwangila da kafaɗa a waje,
iskar hanyar Samaru tana yi mini dariya.
Sagir ya ƙi kallona.
Tanimu yana ta salati ƙasa-ƙasa.

Amma da na rataya kalangu,
fata ta haɗu da fata.
Na matsa, ya amsa.
Na saki, ya yi ajiyar zuciya.
Shekara tara ina kiɗa ta bayan labule ashe.
A daren nan ya kira sunan ango, da na ubansa,
har wata tsohuwa ta taso da sandarta
ta liƙa mini ɗari biyu a damtsen da ba riga.

Yanzu Lawandi ya ce samari uku daga Samaru
sun zo a yanke musu hannu ɗaya.
Sagir yana gaya wa mutane dabararsa ce.
Tanimu ya ce ai kakansa ma ya taɓa yin irinta.

Jiya mun haɗu gwaji.
Kafin in ɗaure tsarkiya,
Bulus ya dubi ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya,
ya ce, “To, takalma fa?”