Tartsatsi

Ruwa ya kwana yana dukan Agege.
Da sassafe Ɗanliti ya turo babur ɗinsa,
wando jiƙe har gwiwa.
"Jiya lafiya lau na ajiye shi."
Kowa haka yake faɗa.

Na murɗa makulli. Fitila ta kawo,
hon ya yi kukan akuya mai mura.
Batir dai da ransa.
Na kwance fulogi, na goge bakinsa da gefen riga,
na jingina shi da ƙarfen inji.
"Buga kik."
Ya buga. Ko tartsatsi ɗaya babu.

Sai bin waya, ja da baƙa,
kamar mai bin sawun ɓera a rumbu.
Fis bai ƙone ba.
Kwayil bai tsage ba.
Ɗanliti yana ƙirga fasinjojin da danfo ke kwashewa,
leɓensa na motsi.

Can ƙarƙashin tanki na same ta,
'yar siririya, danshin Ikko ya cinye bakinta,
ta yi kore shar.
Na kankare, na ƙulla, na naɗe.

Ya buga.
Inji ya yi tari sau biyu, ya kama.
"Nawa?"
Na ɗaga masa hannu.
Bari in gama sauraro tukuna.