Gwazar Rabin Duro

Sali direba ne ya kawo min ita daga Gaundare,
dunƙulen saiwa mai gashi, naɗe cikin takardar siminti.
Ya ce, "Wannan ba ta tukunya ba ce, ta kallo ce,
kunnen giwa wasu ke ce mata."
Na ce gwaza dai gwaza ce, ko an naɗa mata rawani.

Na sa aka raba duro biyu, na huda gindin da ƙusa,
na zuba ƙasar bakin Binuwai da kashin tumaki,
na girke ta tsakar gida don maƙwabta su gani.
Ranar Garwa ba ta san baƙo ba.
Kwana uku ganyen farko ya ƙone
kamar zanen da aka manta da dutsen guga a kansa.

Goggo Dudu ta leƙo ta katanga:
"Ke tela, ai wannan 'yar inuwa ce.
Ja ta gindin mangwaro, inda kike alwala."

Na ja. Ƙuguna bai yafe min ba har yau.

Tun daga nan sau biyar take sha a yini,
ragowar buta, da ruwan wankin shinkafa.
Sabon ganye kan fito a naɗe kamar tabarmar matafiyi,
da asuba ya ɗan saki, da hantsi ya shimfiɗe,
ya wuce faifai, ya wuce murfin randa.
Na sa masa tef ɗin ɗinki: santimita saba'in da huɗu.
Ruwa ba ya kama shi.
Ɗigo ya taru, ya yi rawa kamar tsakiyar gilas, ya gangare.

Akuyar Bappa Hamman ta gutsura sau ɗaya,
ta wuni tana goga baki a bango.

Sai bazara ta zo, famfo ya ɗauke sati uku.
Ganyen suka kwanta ɗaya bayan ɗaya.
Na yanke su da almakashina, ban gaya wa kowa ba.
Kaza ta shiga duron ta yi ƙwai biyu.
Sali kuma motarsa ta koma hanyar Kusiri,
an daina jin hon ɗinsa a layinmu.

Daren jiya aka yi ruwan fari.
Yau na sunkuya zan wanke ƙafa
sai ga wani kore, tsawon ɗan yatsa,
ya huda ƙasa a naɗe.

Na kira Sali, bai ɗauka ba.
Na jawo keken ɗinki gindin mangwaro.