Kwalbar Cikin Murhu

Da guduma na shiga bangon murhu
a wani tsohon gida, gefen fadamar Suffolk,
ruwan sama tun Litinin bai ɗauke ba.
Bulo na bakwai ya faɗo, sai ga ta:
kwalbar yumɓu mai fuskar tsoho da gemu,
an toshe bakinta da kakin zuma,
an kife ta, gindi yana kallon sama.

Na girgiza ta. Ta kaɗa kamar haƙoran mai jin ɗari.

Mai gidan, Hester Catchpole, ta ajiye mini shayi
a kan buhun siminti.
"Kar ka buɗe, Ambrose. Bari masana su zo."
Suka zo da safar hannu da 'yar fitila,
suka ƙirga mana cikinta:
ƙusa goma sha ɗaya, kowace a lanƙwashe,
ƙaya, guntun jan gashi, yankan farce,
da fitsarin wani bawan Allah
da ya fi shekara ɗari uku yana jiran amsa.

Haka ake yi a da, in ji su.
Saniya ta hana nono, jariri ya ƙi barci,
an kaɗa madara har dare mai bai taru ba,
sai a ce ruwa ba ya tsami banza.
A dunƙule tsoro a cusa a kwalba,
a binne inda wuta ke kwana,
wai mayya za ta ji ƙusa a mararta
ta kawo kanta har bakin ƙofa.

Kuma wata ta zo, in ji Hester.
Keziah, ta hayin rafi, mai tsinkar ganye,
ba miji, ba ɗa, sai kyanwa mai ido ɗaya.
Wutarta ce ta mutu a daren ƙanƙara,
ta ƙwanƙwasa neman garwashi.
Suka ce kwalba ta yi kira.
Da safe aka ɗaure ta, aka jefa a kududdufi:
in ta taso mayya ce,
in ta nutse a nema mata gafara.
Ta nutse.

Na ce, "Kakarki ce ke nan?"
Domin kowa ya san Hester da 'yan Wikka take,
ƙarshen Oktoba su bakwai suke haɗuwa a lambu,
har da direbar bas da mai ba da magani a asibiti,
su zana da'ira da gishiri,
kyandir huɗu, kowace kusurwa ɗaya,
su gai da wata, su kira sunayen matattu.

Ta daɗe tana kallon tokar da ke takalmina.
"A'a. Mu ne masu kwalbar.
Jan gashin nan, dubi kaina."

Kafin a tafi da ita gidan tarihi
ta roƙi ƙusa ɗaya, suka ba ta a takarda.
Ta miƙo mini: "Miƙe min ita."
Na ɗora a dutse, na buga a hankali,
yadda ake taɓa kafaɗar mai barci.
Tsatsa ta riga ni. Ta karye biyu.
Hester ta kwashe, ba ta ce komai ba,
daren nan na hango garwashi a kasko
a bakin tsohon kududdufin, ba kowa kusa.

Ni magini ne, ma'auni na sani da igiya.
Ban yarda da camfi ba, ko a mashaya na faɗa.
Amma ran da zan rufe ramin,
na duba hagu, na duba dama,
na tura takalmin 'yata na fari, na ƙafar hagu,
can ciki inda hayaƙi ke bi,
na shafe da siminti, na goge hannuna.