Cokali Ɗaya na Ruwa

A Kotka, ƙarshen Oktoba,
rana kan fito kamar wadda ake bi bashi,
ta leƙo, ta koma.
Ranar aka ɗaga jirgin Ensio daga teku,
yana ɗiga, gindinsa duk gansakuka,
aka ɗora shi bisa ƙafafun ƙarfe
kamar majinyacin da ba ya so a gan shi kwance.

Ni ce 'yarsa, Tellervo.
Shekara biyu ke nan da jirgin ya zama nawa,
ban saya ba, ban roƙa ba.

Bara na yi duk abin da na tuna.
Na naɗe filafilai na kai su ɗakin sama,
na cire batir, na rungumo shi gida kamar goyo mai nauyi,
na ja tamfol, na ɗaure, na tafi
ina jin na cika 'ya.
Da ƙanƙara ta saki bakin teku a watan Mayu
sai ga tsaga a jikin inji,
siririya kamar gashin gira.
Aulis makaniki ya sa farce a kai, ya ce,
cokali ɗaya ne na ruwa, bai fi ba.
Ya kwana a lungu, sanyi ya tarar da shi,
ya kumbura, ya nemi wuri,
ƙarfe ya hana shi, sai ya ƙwata.

Ashe da ɗan gari akan ci gari.
Hunturu ba shi da guduma,
sai ruwan da ka bari a ciki ya ara masa.
Ruwan nan fa da ya goyi jirgin wata biyar
bai taɓa cewa ya gaji ba.

Bana na zo da littafin Baba,
wanda maiƙo ya cinye gefensa.
Rubutunsa a karkace, kamar yana yi igiyar ruwa na tura shi.
Buɗe kowane bawul, in ji shi, bar shi a buɗe.
Zare toshiyar ƙasa, rataye ta a matuƙi don kada ki manta.
Na tsaya a kan wannan "ki".
Tun yaushe ya san ni zan karanta?

Na hura bututu da baki har kunnena ya toshe.
Na ɗura wa inji maganin daskarewa,
na jira har ya tofo shi ta baya, ruwan hoda,
sannan na yarda.
Tankin sha, famfon wanka, bututun bayan gida,
na durƙusa da soso a ƙasan jirgi
ina tsane abin da famfo ya raina,
yatsuna sun daina jin nawa ne.
Tamfol kuwa, a tsaye kamar jinka,
dusar ƙanƙara ta zame, iska ta samu ƙofa,
don abin da aka rufe ruf, ruɓewa yake.

Layin ƙarshe kalma biyu ne: duba buta.

Tana nan a ƙugiyarta, ƙaramar butar shayinsa,
gindinta ya kumbura tun bara,
ba wanda ya zubar da ragowar.
Na zauna a inda yake zama.
Abin da na hana fita ranar binne shi
ya fito, ya ɗiga a katako.

Duhu ya yi, Aulis na kira daga ƙasan tsani.
Na ce ina zuwa.
Na ɗauki soso na goge wurin sarai.
Ko wannan ma, kada ya kwana a nan.