Faifan da Digan Ya Bari

Digan ya bar mini shi, Baturen Ayalan
da ya koya mana lissafi a Gwale.
Ranar tafiyarsa ya zaro shi daga jaka,
ya ce, "Yaran layinmu ne. Ba su yi suna ba,
amma ka ji yadda suke dukan jita."

A bango, samari huɗu sun jingina da katanga,
gashi har kafaɗa, sanyi ya takure musu wuya,
na ƙarshensu yana dariya
kamar wanda ya ci bashi ya sha.
Waƙa goma, babu mai kai minti uku.
Kafin ka gyara zama ta wuce,
ta bar maka ƙaiƙayi a tafin ƙafa.

Mu ma huɗu muka cika, a Fagge,
shagon Lawandi mai gyaran rediyo, bayan isha.
Shi da jitar da ya saya hannun wani ɗan Gana,
Okoro da tasa mai gurnani,
Sallau da maƙogwaron da Allah ya ba shi,
ni da gangunan Turawa, biyu sun fashe,
sai da majema suka ɗaura musu fatar akuya.
Turancin faifan bai zauna mana a baki ba,
muka zubar da shi, muka riƙe saurin,
muka sa wa kanmu suna Tartsatsi.

Wasanmu na farko a wani otal, Sabon Gari.
Muna waƙa ta uku aka ɗauke wuta.
Ban tsaya ba. Cikin duhu na yi ta duka,
Sallau ya ɗaga murya babu lasifika,
har mai sayar da tsire ya leƙo ta taga.
Ladanmu farfesu kwano biyu da kuɗin tasi,
muka raba farfesun, muka taka da ƙafa.

Sau ɗaya gidan rediyo ya saka mu,
wata Alhamis, tsakanin cigiyar tunkiya da tallan sabulu.
Innata ta ji, ta ce, "Wannan hayaniyar taku ce?"
Amma ta kira maƙwabta.
Kaset ɗari uku muka buga, arba'in da ɗaya ya fita.
Wani mai gilashi ya zo daga Legas, ya ce sati biyu.
Har yau sati biyun bai cika ba.

Ba faɗa muka yi ba, kada a yi mana ƙarya.
Okoro ya tafi garinsu shekarar da gari ya yi zafi,
ya bar igiyar jitarsa a kan ƙusa.
Lawandi mun kai shi makwanci, damina takwas ke nan.
Sallau ladani ne a Rijiyar Lemo,
in ya ja kiran asuba ina gane inda yake shan numfashi,
nan ne dā nake shigowa da sanda.

Jiya jikata Nafisa ta ɗauki bangon faifan,
ta rubuta sunansu a waya.
Ga su. Uku ne yanzu, duk da sanƙo,
mai dariyar nan ya yi tumbi, direban bas ne, in ji ta.
Sun sake haɗuwa a wani ɗaki mai ƙaramin dandamali,
na sa ta ƙirga mini masu kallo.
Ba su kai hamsin ba.

Na yi dariya har na share ido.
Shekara arba'in ina zaton su ne suka tsallake,
ashe kogin ɗaya ne, kowa da gaɓarsa.
Ta ce, "Kaka, in kashe?" Na ce ƙara sauti.
Mai sayen batir yana jiran canjinsa,
yatsuna suna can suna aiki a kan kanta.