Takalmin Doña Herminia

Kujeru goma sha ɗaya aka jera
a garejin motar kashe gobara.
Mu tara muka zo.
Ba wanda ya tashi ya ɗauke biyun.

Ta taga, Valparaíso tana nan yadda take,
gidajen kwano sun hau tudu kamar awaki,
shuɗi, ja, ruwan ƙwai,
sai gefen da ya ci wuta,
baƙi ƙirin, ruɓaɓɓen haƙori a bakin mai dariya.

Ximena, wadda asibiti ya aiko,
ba ta sa farar riga ba.
Ta dire butar shayi ta ce:
Ba tuhuma ba ce, ba a rubuta suna.
Mai magana ya yi,
mai shiru kuma, shirunsa ma yana da kujera.

Ruperto ya fara, da lissafi.
Ƙarfe huɗu da kwata iska ta juya,
mesa uku, tanki biyu, layin da mota ba ta shiga.
Muka yi ta gyaɗa kai.
Lamba ba ta da fuska, shi ya sa take da sauƙin ɗauka.

Maite ta ce sau shida ta wanke gashinta,
ƙaurin bai fita ba.
Jiya 'yarta ta gasa burodi ya ɗan ƙone,
sai ganin kanta ta yi a titi, ba takalmi,
da cokali a hannu.
Wani ya yi dariya, ita ma ta yi,
har dariyar ta karye a tsakiya.

Tsoho Nicanor, shekara talatin da biyu cikin hayaƙi,
ya ce: A zamaninmu kwalba muke sha mu kwanta.
Ximena ta ce: Ta yi magani?
Ya juya kofinsa.
Tambayi matata, in ji shi,
tana Temuco shekara goma sha biyar ke nan.

Sai idanu suka zo kaina.

Ni baduku ne da rana.
A garin nan mai kashe wuta ba ya karɓar albashi,
jiniya ce ke kiranka, ka ajiye basilla ka ruga.
Na buɗe baki,
abin da ya fito kalma ɗaya ce: takalmi.
Ximena ta jira.
Ba ta tono ni ba.
Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ta ce barci zai yi mana gardama kwana biyu,
abinci zai yi ɗanɗanon toka,
wannan ba hauka ba ne, jiki ne ke sauke kaya.
In wata ya cika kayan bai sauka ba, ga lambarta.
Na sa takardar a aljihu don kunya.

Amaro, autanmu, ya biyo ni gangara.
Matakala ɗari da sittin ce zuwa bakin teku,
bai ce uffan ba har ta ɗari.
A nan na tsaya, gwiwa ta ƙi.

Na ce masa: bayan shuɗiyar ƙofar da muka fasa,
kafin in ga kome, ɗinkina na gani.
Zaren kakin zuma, ninki biyu a dunduniya,
yadda ba mai yi a tudun sai ni.
Ranar Talata na gyara mata shi.
Ta ce sai Juma'a za ta biya.

Amaro bai ce ka yi haƙuri ba.
Ya zauna a matakalar, ya matsa mini wuri.
Jirgin ruwa ya yi kuka can ƙasa.
Muka zauna har duwatsun suka huce.

Yau Juma'a.
Na buɗe shago, na buɗe littafin bashi,
alƙalami a hannu tun safe.
Ban soke sunanta ba tukuna.
Takardar Ximena na ciro daga aljihu,
na manna ta jikin bango, kusa da guduma,
inda ido zai riƙa faɗa mata.